Kanikawan da ke Karanta Hayaƙi a Hanyar Jega

Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega da Maiyama ta nufi Koko da Yawuri ba ta rabuwa da tireloli, kuma idan albasar Aliero ta fito, lodin da ke gangarawa kudu sai ya ninka. Direban da motarsa ta fara ja da baya a wajajen Mungadi, da buhunan albasa a bayansa, ba shi da kwanakin jira, domin albasa ba ta haƙuri da zafi. A irin wannan ranar ake gane bakaniken kirki.

Kafin ya taɓa sifana zai ce a tayar da injin, ya koma bayan salansa ya tsaya. Baƙin hayaƙi na nufin gas ya fi iskar da ke shiga yawa, kuma a ƙasar da ƙurar hunturu ke cika komai, filtar iska ce farkon abin zargi, sannan tiyon tobo, sannan nozul. Idan hayaƙin ya yi shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Farin hayaƙi kuwa sai an sa hanci: wanda ke yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, mai ɗan ƙamshin zaƙi kuma ruwan lagireto ne ya sami hanya. Yana shinshina yana tambayar direba inda ya sha mai na ƙarshe, da ko a hawa take gajiya ko ko'ina. Kamar masu ɗorin da Aliero ta yi suna da su, yakan gano inda ɓarnar take kafin ya buɗe komai.

Wannan ilimin ya wadatar a zamanin tsofaffin motocin roka. Amma DAF da MAN da Actros 'yan Beljiyam da ke shigowa yanzu an ƙera su ne bisa dokokin hayaƙi na Turai: Euro IV a 2005, Euro V a 2008, sai Euro VI daga 2013. Salansarsu ta tashi daga bututu kawai. Yawancin na Euro V suna da ƙaramin tanki mai shuɗin murfi na AdBlue, wanda ake fesawa cikin hayaƙi mai zafi don ya mayar da wata iska mai cutar da huhu ta koma nitirojin da tururin ruwa. Na Euro VI sun ƙara da tukunyar tace toka, DPF, mai ramuka sirara, wadda ke kama baƙin hayaƙin ta riƙe, sai zafi ya kai wajen digiri 600 ta ƙone shi.

A nan aikin ya yi wuya, domin tukunyar ta ɓoye shaidar da bakanike ya saba karantawa. Nozul na iya zubar da gas wata da watanni ba a ga komai a waje ba, sai ranar da fitila ta kama a gaban direba, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi. Gwani yakan jona na'urarsa ya karanta lambar matsalar, amma ba ya ɗaukar ta a matsayin hukunci. Idan ta ce tukunya ta toshe, sai ya fara duba 'yan tiyo biyun da ke auna matsin iska gaba da bayanta, don sau da yawa ɗaya ne ya tsage. Yakan shafa yatsa a bakin salansa: mota mai DPF lafiyayya ba ta barin baƙi a nan, idan ya fito da baƙi to tukunyar ta fashe a ciki. In kuma da gaske ta cika, tambayarsa ita ce me ya cika ta. Barin injin yana aiki a tsaye dare guda a tasha yana cikin manyan dalilai, domin hayaƙin ba ya yin zafin da zai ƙone abin da ya taru.

Batun AdBlue ya fi ba ni sha'awa, saboda a ƙasar manoma muke. Uriya ce kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tsarkakakken ruwa. Wanda ya saba zuba uriya a gonar albasa zai ga kamar jiƙa takin zamani da ruwan rijiya ya isa. Bai isa ba: abin da ake haɗawa da taki da gishirin ruwan rijiya suna toshe bakin feshin, su kashe abin da ke cikin salansar mai tsadar gaske. Na gaskiyar ma rana tana lalata shi idan jarka ta daɗe a fili, abin da ba wuya a zafin bazarar Kebbi. Farin gari da ya daskare a bakin feshi kuwa ruwan ɗumi ke wanke shi, ba waya ko ƙusa ba.

Ba duk laifin ke kan direba ba. An ƙera waɗannan injina don gas mai sulfa kashi 10 cikin miliyan, alhali Najeriya ta daɗe tana karɓar mai kashi 3,000. Sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50. Shi ya sa ba na saurin zagin mai motar da ya ce a fasa tukunyar a toshe bakin kwamfuta a huta. Sai dai nozul ɗin da ya jawo matsalar yana nan yana shan gas, hayaƙin kuma ya koma kan yaron mota da masu talla a bakin titi. Tun 2012 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu.

Akwai kuma tokar da wuta ba ta ci, wadda ke fitowa daga baƙin mai. Ita sai an sauke tukunyar an fitar da ita ta inda ta shiga. Don haka bakaniken da ya san aikinsa, bayan ya ɗaure komai, yakan ce wa direba ya gaya wa Alhaji mai motar a riƙa sayen baƙin mai mai ƙarancin toka irin su CK-4, ko da ya fi na durom tsada, kuma a bar motar ta yi doguwar tafiya da lodi kafin a sake jona mata na'ura.