Littafin da Ba a Taɓa Rubutawa Ba

Wasu masu sharhin adabi suna ganin ɓata tawada ne marubucin labarin kimiyya ya ƙirƙiro wani littafi a cikin labarinsa, ya raɗa masa suna da mawallafi, alhali babu shi a kowace kasuwa. Ƙarya a kan ƙarya, in ji su. Ban yarda ba.

Wannan hikima tsohuwa ce. Philip K. Dick ya yi ta a 1962 cikin The Man in the High Castle, inda mutanen duniyar da Jamus da Japan suka ci yaƙi suke karanta haramtaccen littafin da ya ce an kayar da ƙasashen biyu. Kurt Vonnegut kuwa ya ƙago Kilgore Trout, marubucin da ba mai saye. Amma gwanin gwanaye a wurina shi ne Stanisław Lem, mutumin Foland, wanda a 1971 ya fitar da kundin sharhi a kan littattafan da ba su wanzu ba.

Dubi abin da ya yi wa James Joyce. Joyce ya cusa tafiyar gwarzon Girkawa cikin yini guda a birnin Dublin, masana suka yi shekaru suna haƙar ma'ana. Sai Lem ya ƙago wani marubuci, Patrick Hannahan, da littafinsa Gigamesh, labarin mai laifin da ake kai wa wurin rataya. Wai Hannahan bai jira masana ba, da kansa ya rubuta sharhin da ya ninka littafin tsawo, yana tatso ma'anoni har daga haruffan sunan. Lem bai zagi Joyce ba ko sau ɗaya. Yabo ya yi ta zubawa da fuskar malami, har yabon ya zama ba'a. Kuma bai wahalar da mu da karanta littafin ba, ƙashin bayansa kawai ya nuna mana, ai nan aibin yake.

Wanda ya zauna zauren karatu a Tawa ko Illela ba sai an fassara masa wannan ba. Ya san matani ɗan siriri, sharhi ya lulluɓe shi, hashiya ta hau kan sharhi. Bambancin kawai, can akwai matanin.

Kayan aikin ma muna da su. Abubakar Imam ya sa aku yana jero labari cikin labari a Magana Jari Ce, Umaru Dembo ya kai tauraron labarinsa, Kilba, sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Abin da nake jira shi ne ɗan Adar da zai rubuta labarin jirgin da ya nufi wata duniyar, matuƙinsa yana karanta wani ƙagaggen littafin soyayya na Kano, kundi na tara, kishiya tana nan tana neman boka. Sharhi goma a jarida ba za su yi wa littattafan soyayya gyaran da wannan babi ɗaya zai yi ba, marubutansu kuma da dariya za su karɓa.