Kada A Zubar Da Girman Fiffiken Sauro

Auna siffar ƙwari da kwamfuta ya zauna da gindinsa a Burkina Faso. Tun shekarun 2000 masu bincike na cibiyar CIRDES da ke Bobo-Dioulasso ke kwatanta fukafukan ƙudan tsando na bakin kogin Mouhoun, don su gane ko na wannan kurmi yana cuɗanya da na wancan. Yanzu haka ake yi wa sauro ma.

Ana ɗaukar hoton fiffike, a sa ɗigo duk inda jijiyoyi suka haɗu, sannan a ɗora fukafukan bisa juna. A tsarin da Fred Bookstein ya kawo a shekarun 1980, ɗigo biyu ake zaɓa, misali gindin fiffike da bakinsa, a kafe su wuri ɗaya ga kowane sauro, kamar yadda tela ke daidaita kafaɗun riguna biyu kafin ya duba yankansu. Illarsa kuwa, in hannu ya goce a ɗaya daga cikin biyun, kuskuren ya bi sauran ɗigo duka. Shi ya sa aka fi karkata ga tsarin Procrustes, wanda Rohlf da Slice suka kyautata a 1990, mai raba gyaran ga kowane ɗigo. A manhajar MorphoJ dannawa ɗaya ta gama.

Sauƙin nan ne ke damuna. Ko wane tsari aka bi, sai an mai da fukafukan girma ɗaya kafin siffa ta fito. Manhajar na ajiye girman asali a gefe, amma mai gaggawa ba ya waiwayarsa, zanen siffa ya ɗauke masa hankali.

Mu a unguwar Dapoya ta Wagadugu girman nan ya shafe mu. Mun ga abin da zazzaɓin dengi ya yi a Wagadugu a 2016, balle 2023. Sauron da ke kawo shi a tsohuwar taya yake ƙyanƙyasa, da gangar ruwa, da randar da aka bari a buɗe. Tsutsar da ta taso cikin cunkoso da yunwa ƙaramin sauro take zama, wadda ta ƙoshi ta fito jibgegiya, kuma tsawon fiffike ne ke shaida haka. Don haka ina roƙon malaman da ke koyar da wannan awo su sa ɗalibi ya daidaita fukafukai da hannu a tsarin Bookstein tukuna, ya ga abin da ake cirewa. Duk rahoto kuma ya zo da girma tare da siffa, da inda aka ɗebo tsutsar.