Guduma da Fila ko Sanda da Fitila: Gyaran Lotsawar Jif a Ƙasar Jega

Duk wanda ya taɓa cinikin mota a hannun dillalai ya san tambayar farko ba ta inji ba ce. "Alhaji, fes bodi ce?" Wato fentin da ke jikinta na kamfani ne, ko an sake shi? Mai saye ya zagaye motar yana ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, wani ma ya zaro maganaɗisu ya liƙa a ƙofa. In ya ƙi kamawa, akwai fila a ƙasa, nan take kuɗi ya sauko. Amma mutumin nan da ya yi wannan bin ƙwaƙƙwafi ranar saye, shi ne bayan wata biyu zai kai motar gareji don kan babur ya ɗan lotsa ƙofa, ya tsaya riƙe da ƙugu ana kankare fentin da ya biya kuɗi mai tsoka dominsa.

A Danwarai da sauran garuruwan Aliero, Jega da Maiyama, ƙaramar jif ta samu karɓuwa saboda dalili a fili. Tana hawa kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega zuwa Yawuri, tana kuma shiga hanyar gona da damina ba tare da cikinta ya ci ƙasa ba. Toyota RAV4, wadda aka fara ƙerawa a 1994, da Honda CR-V su ne aka fi sani, yawancinsu 'yan Beljiyam. Tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu a farkon 2017, sannan darajar naira ta zube bayan Yunin 2023, mota ta koma kadara irin ta fili da shanu. Kuma mafi yawan raunin da take samu a nan ba na haɗari ba ne. Baro ne a kasuwar Jega, ko amalanke, ko ƙahon sa, ko buhun albasa da aka jingina da ƙarfi, ko yaro da ƙwallo.

Maganin da aka gada ɗaya ne, ko lotsawar ta kai faifai ko ba ta wuce bakin kofin shayi ba. Mai bugun bodi, wanda ake ce wa fanal-bita, zai buga daga ciki da guduma, ya tare da dunƙulen ƙarfe daga waje. In ƙarfen ya yi taurin kai a hura masa wutar kabayit. Sai a goge da samfefa, a shafa fila, a sake gogewa, a miƙa wa mai fenti ya haɗa kala da ido. Ba raina wannan sana'a nake yi ba. Na ga motar da ta yi adungure ta koma kamar gwangwanin da aka taka, mutanen nan suka tashe ta da guduma da igiyar ƙarfe, aikin da a Turai sai dai a jefar da motar. Matsalar ita ce an ɗauki maganin babban ciwo ana ba ƙaramin. Fentin kamfani gasa shi ake yi a tanderu mai zafin da ya kai digiri 140 ko sama, tun ba a saka kujeru da wayoyi ba, a kan wani shafi na hana tsatsa. Ba garejin da zai maido da wannan a gindin darbejiya. Shi ya sa bayan bazara biyu za ka ga ƙofa ɗaya ta fita daban da 'yan'uwanta, filar kuma ta fara tsagewa.

Ɗaya hanyar, ta fitar da lotsawa ba tare da taɓa fenti ba, mutumin Aliero ba zai sha wuyar gane ta ba. Garin ya yi suna da masu ɗori, waɗanda ke lallaɓa ƙashi ya koma mazauninsa ba tare da an tsaga fata ba. To haka ake yi wa ƙarfen.

Ga yadda aikin yake. Ƙarfen jikin irin waɗannan motoci bai cika milimita ɗaya ba. In abu ya doke shi, tsakiya ta nutse, gefe kuma ya ɗan taso ya yi tudu, kuma wannan tudun ne ke riƙe ramin ya hana shi komawa. Mai aikin zai wanke wurin, ya kafa doguwar fitila ko allo mai zane-zanen layi a gefe, ya sunkuya yana kallon inuwar layukan a jikin fenti. Inda ƙarfe ya nutse layukan suna buɗewa, inda ya taso suna tsukewa. Sai ya sauke gilashin ƙofa, ya sa kariya kada ya fashe, ya zura doguwar sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki ta wannan tsagar har bakin ya kai bayan ramin. Ba ya ganin bakin sandar. Motsin inuwa kaɗai ke gaya masa inda take. Ya tura kaɗan, ya saki, ya matsa da kamar faɗin ƙwayar gero, ya sake turawa, haka sau ɗaruruwa. Can ya ajiye sanda, ya ɗauki ɗan tsinken roba da ƙaramar guduma ya kwantar da tudun gefe, ya koma. In ya yi gaggawa ya tura da ƙarfi, ƙarfen ya yi tsini, fentin ya fashe, aiki ya lalace.

Inda sanda ba ta shiga, kamar gefen rufi mai ruɓi biyu, gam ake amfani da shi. A narka shi a liƙa wata 'yar roba a kan ramin, ya huce, a ja da wani matsi, sannan a ɗiga sifirit gam ɗin ya saki. A nan ne zafin Kebbi ke shigowa. Cikin Afrilu, da rana ta wuce digiri 40, jikin baƙar mota ba ya taɓuwa, gam ba ya daskarewa balle ya ja komai, sai an nemi inuwa ko a yi sammako. Sai dai ɗumin yana da nasa amfanin: fenti mai ɗumi yana miƙewa, ba ya saurin tsagewa kamar na sanyin hunturu.

Ilimin ba sabo ba ne. Tun 1931 wani Ba'amurke, Frank Sargent, ya rubuta littafi kan bugun ƙarfen mota, yana koyar da cewa a fara gano yadda bugun ya shiga, a warware shi daga inda ya ƙare zuwa inda ya fara. Ana kuma danganta salon na yanzu ga Oskar Flaig, ma'aikacin Mercedes-Benz da ke kula da motocin baje koli wajen 1960. Abin da ya mayar da shi babbar sana'a a Amurka da Jamus shi ne ƙanƙara, wadda kan lotsa dubban motoci cikin dare ɗaya, da kamfanonin inshora da suka lissafa suka ga wannan ya fi sake fenti araha.

Kada a yi masa kallon maganin komai. In fenti ya riga ya tsage, ko ƙarfe ya miƙe ya yi laushi, ko lotsawar ta hau bakin ƙofa inda aka naɗe ƙarfe, sai guduma da fila. In an taɓa shafa fila a wurin, turawa za ta ɓantaro ta. Bamba kuwa roba ce, zafi take so ba sanda ba. Cikin ƙofofi da gefen rufin sababbin jif akwai wayoyi da jakar iska, wanda bai san wurinsu ba zai gyara ƙaramin abu ya ɓata babba.

A ganina abin da zai hana wannan salo kafuwa a garejinmu ba kayan aiki ba ne. Sanduna, fitila da bindigar gam ba su kai kuɗin injin fesa fenti ba. Cikas ɗin yana wajen ciniki. Mun saba biyan abin da ido ya gani an saya: gwangwanin fenti, fila, tina, samfefa. Mai gyara yakan ɓoye ladan hannunsa a cikin kuɗin kaya. To ga wanda ya yi awa biyu a durƙushe, bai sayi komai ba, ya tashi ya faɗi kuɗinsa.

"Haba Malam, me ka saka a ciki?"

"Ranka ya daɗe, ai rashin saka komai ɗin ne aikin."

Da wuya a rabu lafiya. Kuma muddin haka ne, ubangida ba zai bar yaronsa ya yi wata da watanni yana koyon karanta inuwa ba, alhali ga motoci na jiran samfefa.

Waɗanda za su fara biya ba tare da gardama ba, dillalai ne, don su suka san abin da "fes bodi" ke ƙarawa a kan RAV4 ranar sayarwa. Koyon kuma ba ya buƙatar motar kowa. Tsohuwar ƙofa daga wurin 'yan gwangwan ta isa: a ɗaure ta a kan benci cikin rumfa, yaro ya lotsa ta da kansa, ya fitar, ya sake lotsawa. Reshen ƙungiyar makanikai ta NATA ko sashen koyar da sana'a na Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi na iya ɗauko gwani ɗaya daga Abuja ko Legas ya zauna da fanal-bitocin Jega, waɗanda dama hannunsu ya riga ya san halin ƙarfe.