Yarjejeniyar Bayan Fage Ce Ke Rubuta Finafinanmu

Mai karatu, ka taɓa kallon fim ana tsaka da zaman makoki, kwatsam sai ga saurayi da budurwa a lambu suna rawa? Kada ka yi saurin zagin darakta. Sau da yawa wannan waƙar ba ta cikin labarin da aka sa wa hannu. A bayan shago aka ƙulla ta.

Abin ya samo asali tun zamanin kaset. Furodusa ya buga kwali ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano, su kuma su kwafi fim ɗin su sayar. Bayan Sangaya ya yi kasuwa a 1999, sai mai sayen kwali ya fara gindaya sharaɗi da baka: a sa waƙa kaza, a sa jaruma wance. Hukumar Tace Finafinai ta Kano da aka kafa a 2001 tana duba abin da ke cikin fim, amma wa ya isa ya tace maganar da aka yi a kunne?

Kaset ya mutu, halin bai mutu ba. Wani marubuci ɗan garinmu Kanya Babba ya sayar wa wani kamfani labari a takarda, kashi goma sha uku. A gefe furodusa ya ce masa, “Malam, in ya karɓu a YouTube ba zan manta da kai ba.” Ya karɓu. Aka ja shi har kashi arba'in, aka cusa ƙanwar mai zuba kuɗi a matsayin kishiyar da babu ita a labarin. Mu 'yan kallo muka ga labari ya yi ta tafiyar hawainiya, shi kuwa marubuci ko kuɗin motar Babura bai gani ba.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kamar ta 1988, ta ce sai a rubuce ake miƙa haƙƙi. Alkawarin baka kuwa, ranar rigima wa zai tsaya maka shaida?

Jama'a, ba mu ce amana ta ƙare ba. Amma ko bashi addini ya ce a rubuta. Marubuta, duk abin da aka raɗa muku a gefe, ku ce a sa shi a takarda. In furodusa ya ƙi, kun san inda aka dosa.