Baje Kolin Hajji na Landan a Ma'aunin Masu Riwaya

Daga watan Janairu zuwa Afrilu na shekarar 2012, Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan ya shirya baje koli a kan aikin Hajji, da haɗin gwiwar Ɗakin Karatu na Sarki Abdul'aziz da ke Riyad, ƙarƙashin jagorancin Venetia Porter. Aikin ya cancanci yabo. Wanda ba Musulmi ba, wanda shari'a ba ta ba shi damar shiga Makka ba, ya ga ƙyallen rigar Ka'aba da idonsa, ya ga mahmal ɗin da ayarin alhazai ke rakowa, ya kuma san hanyar Zubaida, matar Haruna Rashid, wadda ta samar wa alhazan Iraƙi ruwa tsakanin Kufa da Makka.

Sai dai baje koli riwaya ce, kuma malaman Hadisi sun koyar da cewa ba a karɓar matani sai an duba isnadinsa. Isnadin gidan tarihi kuwa shi ne waɗanda suka ba da aron kaya da waɗanda suka ɗauki nauyi. Wasu daga cikin kayayyaki masu daraja sun fito daga Saudiyya, domin haka labarin ya kauce wa abin da zai sosa ran mai masauki. A shekarar 2002 aka rushe ganuwar Ajyad ta Daular Usmaniyya, aka gina dogayen benayen Abraj al-Bait a gurbinta. Batu irin wannan, wanda ke tsakiyar tarihin Makka na zamani, bai sami bahasin da ya dace da shi ba. Ba a zargin masu shiryawa da ƙarya. Naƙasar tana cikin abin da aka yi shiru a kansa.

Illa ta biyu daga ɗabi'ar gidan tarihi take. Abin da ya rage na zinariya da alharini ake iya arowa, wato kayan sarakuna. Shi ya sa hajjin Mansa Musa na 1324 ke da sauƙin nunawa, alhali talakan da ya taka daga Kano ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, ya yi shekaru yana ƙwadago a hanya, bai bar abin sakawa a gilashi ba. Shaidarsa tana bakin jikokinsa da ke zaune a Sudan har yau.

Saboda haka, malamin da zai karantar da littafin wannan baje koli ya kamata ya horar da ɗalibi ya tambayi kowane hoto: wa ya mallake shi, wa ya yarda a nuna shi, kuma labarin wa aka bari? Haka nan, duk jami'ar Musulunci da za ta ƙulla irin wannan yarjejeniya, wajibi ne ta shardanta haƙƙin rubuta bayanin kayan, domin mai rubuta bayanin shi ne mai riwayar.