Zabura a Kan Wata, Rumbu a Tokombere

Mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa yana fama da kalma guda mai ɗauke da kaya biyu, wato "sama". Can ne hadari ke haɗuwa bisa duwatsun Mandara idan damina ta doso Mora, can ne kuma mazaunin Ubangiji a bakin mai addu'a. Faransancin makaranta ma bai raba su ba. Shi ya sa da aka ce ɗan Adam ya hau kumbo ya tafi sama, dole a tambaya: wace saman?

Wannan tambaya ta haifi wani salon wa'azi mai ɗauko misali daga tafiyar kumbo, kuma a cikin gaba aka haife shi. Bayan tafiyar Yuri Gagarin sama da kumbo a 1961, farfagandar Tarayyar Sobiyet ta baza cewa an je an duba, ba a ga Allah ba. A jajiberin Kirsimetin 1968, Frank Borman da Jim Lovell da William Anders na kumbon Apollo 8 suka karanta wa duniya ayoyi goma na farkon Littafin Farawa suna kewaya wata. Wata Ba'amurkiya, Madalyn Murray O'Hair, ta kai ƙara kotu a kan haka. Don gudun sabuwar rigima, da Buzz Aldrin, dattijon ikilisiya daga Texas, ya ci Jibin Ubangiji a kan wata a Yulin 1969, ba a watsa ba.

A ganina, inda salon ya fi ƙarfi shi ne Zabura ta 8, wadda Aldrin ya karanta a hanyar dawowa. Mai zaburar ya dubi wata da taurari, sai ya ga ƙanƙantar kansa, ya yi mamakin yadda Mahalicci ke tunawa da shi. Babu gardama a ciki, babu neman cin galaba. Makiyayi a dajin Waza da mai tuƙin kumbo duk suna iya faɗin ta, babu wanda ya fi wani.

Rauninsa kuwa yana bayyana idan aka mai da kumbo mai ba da shaida a kotu. James Irwin na Apollo 15 ya tuna Zabura ta 121 a gindin duwatsun wata a 1971, abin sha'awa. Amma bayan ya dawo sai ya yi ta hawa dutsen Ararat yana neman ɓurɓushin jirgin Nuhu, bai samo komai ba. Wanda ya ce an je sama ba a ga Allah ba da wanda ke son ya sauko da hujja a aljihu, jirgi ɗaya ya kwaso su.

Yankin Mora yana da nasa ma'auni. A 1959 Fada Simon Mpeke, wanda ake kira Baba Simon, ya sauka Tokombere, yana yawo ba takalmi, ya tarar mutanen dutse sun riga sun san Allah ɗaya Maɗaukaki, ya kuma girmama masu yi musu hadaya. Jean-Marc Ela, wanda ya bi sawunsa, ya mai da ilimin tauhidi gindin bishiya, ya sa rumbun da babu hatsi a tsakiyar zancen bangaskiya. Da wannan mudu, wa'azin da ya kai wata bai ratsa ta rumbu ba, da sauransa.

Saman ma ta canza. A 2015 Amurka ta tura sojoji kimanin 300 Garwa da jirage marasa matuƙa don leƙen Boko Haram. Matar da ta gudo Mora daga Amchide ko Kolofata, idan ta ga haske yana tafiya tsakanin taurari da dare, takan fara kasa kunne ta ji ko yana da ƙara.