Ranar Al'adu da Koyon Hausa a Matsayin Harshe na Biyu: Tsokaci Kan Ayyukan Cuɗanya a Jami'o'in Kudu

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin jami'a a Nijeriya mai harshe ɗaya tak a bakinsa. Yakan zo da harshen uwa, da Ingilishin makaranta, galibi kuma da Turancin buroka na ciniki. Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta nemi a ƙarfafa wa kowane yaro gwiwar koyon ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci bayan harshensa, domin haɗin kan ƙasa. Haka kuma sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci waɗannan harsuna uku tare da Ingilishi a matsayin harsunan gudanar da Majalisar Tarayya idan an yi tanadin da ya dace. Wannan tsokaci ya dubi ayyukan musayar al'adu da ake shirya wa ɗalibai a jami'o'in Kudu, musamman ranar al'adu. Ra'ayinmu shi ne, yadda ake gudanar da su ba ya kai ɗalibi ga iya magana da Hausa, don haka akwai buƙatar a sake musu fasali a cikin manhaja.

2.0 Ranar Al'adu: Amfani da Gazawa

Ba mu musun cewa ranar al'adu tana da amfani. Ɗalibin da bai taɓa tsallake kogin Kwara ba yakan ga babbar riga da rawani, ya ji kalangu, ya ɗanɗani tuwon shinkafa da fura. Sai dai mun lura da naƙasu uku.

Na farko, ana nuna al'adar Bahaushe amma da Ingilishi ake bayaninta. Mai gabatarwa zai buɗe taro da "sannunku", daga nan Hausa ta yi sallama. Na biyu, ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na ƙabilu ne ke shirya bikin, kowace a rumfarta, ta yadda kowa yakan koma cikin danginsa a ranar da aka ware domin cuɗanya. Na uku, wanda ya fi damun mu, shi ne irin kamannin da ake ba Bahaushe a wasannin kwaikwayon ranar. A wata jami'a da muka halarta, maigadi da mai tsire ne kaɗai Hausawan da suka fito a dandamali, sunan kowannensu kuwa "aboki". An yi dariya an watse, amma abin da ɗalibai suka koma ɗaki da shi shi ne tsohon zaton da suka zo da shi daga gida, yanzu kuma da hatimin makaranta a kansa.

3.0 Abin da Kallo Ba Ya Koyarwa

Matsalolin mai koyon Hausa daga Kudu sanannu ne ga malamai. Yarabanci da Ibo ba su rarrabe jinsi a wakilin suna, shi ya sa ake jin ɗalibi yana cewa "mamana ya zo". Akwai baƙaƙe masu lanƙwasa, waɗanda sauya su kan sauya ma'ana, kamar kasa da ƙasa, bata da ɓata, kafa da ƙafa. Har ila yau, ƙa'idojin rubutun Hausa ba su nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka ɗalibin da ya dogara da littafi ba zai bambance gari na mazauni da gari na tuwo ba, ko wuya na jiki da wuya ta wahala. Kunne ne ke gyara waɗannan, kunne kuwa sai da yawan ji da maimaitawa.

Al'adar ma kanta a cikin magana take zaune. Gaisuwa tana da jeri da amsoshi: wanda aka ce wa "ina gajiya?" ya san "ba gajiya" ita ce amsa, ko da ya yini yana aiki. Kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, da barkwancin taubasai, da yadda ake taya kaya a kasuwa a ce "albarka", ba abubuwa ne da za a rataye a rumfar nuni ba.

Abin takaici shi ne ana barin jarin da ɗaliban suka zo da shi. Bayarabe da Inyamuri sun saba da karin sauti tun daga tsumma. Gaisuwar Yarabanci ta kowane hali ta yi daidai da "sannu da" ko "barka da". Kalmomi irin su albasa da wahala da lafiya suna da takwarorinsu a Yarabanci, ashana kuwa daga can Hausa ta aro ta. Manhajar da ta fara daga nan ta rage wa ɗalibi rabin tafiya.

4.0 Darasin da Ke Gabanmu

Ƙasar nan ta riga ta yarda cewa harshe sai da zama cikin masu shi. Da tsadar tura ɗalibai ƙasashen waje ta yi yawa, an kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991 da Ƙauyen Larabci a Ngala a 1992, domin ɗaliban jami'a su yi zaman nutsewa cikin harshen. An kuma kafa Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa a Aba a 1993. Idan an yi wa harsunan waje wannan gata, Hausa ta fi sauƙin samunsa, domin masu ita na nan a Kudu. Unguwar Sabo ta Ibadan ta kafu tun 1916. Akwai Hausawa a Agege ta Legas, da Sabon Shagamu, da Ama Hausa ta Owerri. Gaskiya ne Hausar zango takan sha bamban da daidaitacciyar Hausa, amma aikin malami ne ya mayar da wannan bambanci darasi a aji.

5.0 Shawarwari

(a) A sanya ayyukan cuɗanya cikin kwas mai maki, a riƙa yin su mako-mako har ƙarshen zangon karatu.

(b) A haɗa ɗalibai biyu-biyu, mai Hausa da mai koyo, su raba lokacin zamansu tsakanin harsunansu biyu. Kada a manta da masu Efik ko Tibi ko Edo, domin su ma suna da abin bayarwa.

(c) A riƙa kai ɗalibai unguwannin Hausawa da izinin sarkin Hausawan wurin, kowa da takamaiman aiki: ya gaisa da dattijo, ya yi cinikin goro, ya tambayi hanya.

(d) A gwada ɗalibi da baka, a gaban malami da wani mai harshen.

(e) Malamin harshe ya duba wasannin kwaikwayo kafin a nuna su.

6.0 Kammalawa

Ba mu ce a soke ranar al'adu ba. Abin da muke nema shi ne ta zamo ranar da ɗalibai za su nuna abin da suka koya a zangon karatu, su gabatar da taron da harsunan junansu. Ma'aunin da muke ba masu tsara manhaja mai sauƙi ne: bayan an naɗe tabarmar biki, shin ɗalibar da ta fito daga Umuahia za ta iya shiga Sabo ta yi sallama, ta gaisa, ta sayi abin da ya kawo ta da Hausa? Idan ba za ta iya ba, to da sauran aiki a gabanmu.